In Kai Ya Fito Kafaɗa Ta Maƙale: Abin Yi Da Abin Bari

Wata Talata muna awon jarirai, sai ga wata dattijuwa daga cikin zangonmu na Kumasi da jikanta ɗan wata biyu a goye. Ta sauke shi ta kwantar a kan tebur. Yaro tubarkalla, kumatu kamar su fashe, yana ta harba ƙafafu yana kai hannun hagu baki. Na daman kuwa yana yashe a gefensa kamar ba nasa ba, a miƙe, ya murɗe ciki, tafin yana kallon baya.

"'Yar nan, duba mini hannun maigidan nan nawa. Tun kafin suna muke shafa man kaɗe, shiru."

Na ce, "Hajiya, yaya aka yi haihuwar?"

"A ɗaki ne, tsakar dare. Kai ya fito, jiki ya ƙi biyowa. Ni na hau cikin ina dannawa, maƙwabciyarmu tana jan kan, da ƙyar Allah Ya raba su lafiya."

Ban ɗaga mata murya ba, don abin da ta gada ta yi, kuma da niyyar ceto ta yi shi. Sai dai danna saman ciki da jan kai su ne abubuwa biyun da aka fi ja mana kunne a kansu tun muna makarantar ungozoma. A zango kowa ya san jijjiga, kowa ya san zubar jini, amma maƙalewar kafaɗa ko suna ba ta da shi a bakin mutane, iyakaci a ce "yaron ya yi girma" ko "ta sha wuya". Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don mai ciki, da uwarta, da uwar mijinta, da shi maigidan da ke kai-kawo a bakin ƙofa.

## Ƙashi ne ya tare ƙashi

Ƙugun mace zobe ne na ƙashi, ta cikinsa jariri zai bi. Ɗora hannunki a ƙasan mara, daidai inda gashi ya fara, ki danna. Taurin nan da kika ji shi ne gaban zoben, ƙashin mara. In haihuwa ta zo da sauƙi, kai yakan fito ya juya gefe yana kallon cinyar uwa, kafaɗar sama ta sulale ta ƙarƙashin wannan ƙashi, ta ƙasa ta biyo, jiki ya zubo gaba ɗaya. Wani lokaci kuwa kafaɗar saman takan hau bayan ƙashin ta sarƙe kamar ƙugiya. Jefi-jefi ta ƙasan ce ke tokarewa da ƙashin baya.

Duk wanda ya taɓa shigar da kabad ta ƙofar ɗakin haya a unguwar Aboabo ya san abin da nake nufi. In kusurwa ta tokari bango, ko samari goma ne suka taru suna turawa, sai dai katako ya tsage. Karkatawa ake yi, a shigar da gefe ɗaya tukuna. Duk dabarun da zan kawo a gaba karkatawa ce, ko a karkata ƙugun uwa ko a karkata kafaɗar ɗa.

Gaggawar kuwa daga wuri biyu take. Fuskar jariri tana waje, amma ƙirjinsa a matse yake, ba ya iya jan numfashi, ga igiyar cibiya da ke kai masa iska ta danne tsakanin jikinsa da ƙashi. In jiki ya biyo kai cikin minti 5, da wuya ƙwaƙwalwa ta taɓu. In aka wuce nan, kowane minti yana ƙara haɗari. Na biyu, a gefen wuyan jariri akwai jijiyoyi biyar da suka fito daga laka, suka tufke kamar igiya, suka gangara cikin hannu. Su ke ɗauke da motsi da ji. In kafaɗa tana sarƙe aka ja kai ƙasa ko gefe, waɗannan jijiyoyin ne ke miƙewa, wani lokaci su tsinke. Abin da ya sami jikan Hajiya ke nan.

Ƙungiyar likitocin mata ta Ingila ta ƙiyasta cewa maƙalewar takan faru a haihuwa 6 zuwa 7 cikin kowace 1000 da aka yi ta hanya. Ba yawa, amma ungozomar da ta daɗe tana aiki ta gamu da ita, kuma ba ta manta daren.

## Tun ciki bai fito ba

Matakin farko shi ne fara awo da wuri, cikin wata ukun farko, ba sai ciki ya turo riga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Awo da haihuwa suna ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasar Ghana tun 2008, saboda haka ki duba katinki tun yanzu, in ya mutu ki sabunta.

Ranar farko da kika zauna gaban ungozoma, ki ba ta tarihin haihuwarki kamar mai ba da shaida. Nawa ne nauyin yaran baya? Akwai wanda ya kai kilo 4? An taɓa tara miki mutane a ɗakin haihuwa ana danne ƙafafunki zuwa ƙirji bayan kai ya fito? Akwai ɗan da aka haifa hannunsa ba ya motsi, ko aka ce ƙashin da ya gitta daga wuyansa zuwa kafaɗa ya karye? Mata da yawa ba sa faɗa, wasu don kunya, wasu don tsoron kada a ce za a yi musu aiki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wadda kafaɗa ta taɓa maƙale mata, kusan 1 cikin 10 takan sake faruwa, kuma ba mu da wata hanyar sani sai bakinki.

Sai batun suga, wanda a ganina shi ne inda muka fi sakaci. Tsofaffinmu suna da wata magana, wai mai ciki in ta cika shan zaƙi, zai taru ya tare hanya ranar haihuwa, shi ya sa ake jiƙa mata maganin zaƙi a watan tara. Na daɗe ina yi wa maganar dariya, daga baya na gane sun hango wani abu, wurin taruwar ne kawai suka saɓa. A jikin jariri yake taruwa. In suga ya yi yawa a jinin uwa, yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin ɗa, jikin ɗan ya mai da shi kitse, ya jibge a kafaɗu da ƙirji da ciki. A al'ada kai ne mafi faɗi a jikin jariri, in ya wuce komai ya wuce. Ɗan mai suga kuwa sai ka tarar kafaɗunsa sun fi kansa faɗi. Shi ya sa ko nauyinsu ɗaya da ɗan wadda ba ta da suga, haɗarin maƙalewarsa ya ninka sau 2 zuwa 4. Jiƙon da ake sha a watan tara ba ya narkar da kitsen da ya riga ya zauna.

Sugan ciki sau da yawa ba ya nuna alama, kuma tsoma ɗan tsinken nan a fitsari bai isa ya gano shi ba. Gwajin da ake dogara da shi ana yinsa tsakanin mako 24 da 28. Za ki kwana ba ki ci komai ba, a ɗebi jini da safe, a ba ki ruwa mai gulukos giram 75 ki shanye, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. In na farko ya kai 5.1, ko na biyu ya kai 10.0, ko na uku ya kai 8.5, an same shi. In kina da ƙiba, ko akwai mai suga a gidanku, ko kin taɓa haifar ƙaton yaro, ko ɗa ya taɓa mutuwa a cikinki ba a san dalili ba, ki nemi gwajin da bakinki ko ba a ambata ba.

In an same shi, gyaran daga kicin yake farawa. Koko mai suga cokali uku da burodi mai zaƙi da safe, burkina da rana, sobolo da lemon kwalba a wurin biki, shayi mai kauri da Milo da daddare: waɗannan su za a fara janyewa. Tuwon zafi, dokunu, sakwara da shinkafa ba a haramta ba, a rage malmala ne a ƙara miya. Ayoyo, kontomire, kuka, kuɓewa, wake, ƙwai, kifi, su cika kwano. Ki ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ki ɗan taka bayan cin abinci. Kada ki zauna da yunwa wai don ɗa ya ƙanƙance, wannan wata cutar ce daban. In abinci bai saukar da shi ba, likita zai sa ki a kan ƙwaya ko allurar insulin, kuma an tabbatar kula da sugan ciki yana rage girman jariri da maƙalewar kafaɗa.

Sauran abubuwan da ke ƙara haɗari ba sa buƙatar dogon bayani: ƙibar uwa tun kafin ciki, ƙaruwar nauyi fiye da kima a cikin cikin, da cikin da ya wuce lokacinsa.

Amma ga abin da ba na so ki manta. Kusan rabin jariran da kafaɗarsu ke maƙalewa ba su kai kilo 4 ba, kuma da yawa daga iyayensu ba su da ko ɗaya cikin abubuwan da na lissafa. Ƙato yakan zame ya fito lafiya, madaidaici ya sarƙe. Babu sikanin da zai ce miki "ke kin tsira". Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake cewa a haihu a hannun wadda aka horar, ko da haihuwa ta takwas ce kuma bakwai ɗin duk a ɗaki aka yi su.

## Shawarar watan takwas

Wajen mako 36 a zauna da ungozoma ko likita a tsai da wuri da hanya. In ana zargin ɗa ya yi girma za a yi sikanin, sai dai ki san cewa ƙiyasi ne, yana iya saɓawa da kashi 10 cikin 100 ko fiye, sama ko ƙasa. Wanda aka ce kilo 4 ne yana iya fitowa 3.6, yana iya fitowa 4.4. Ƙa'idar da likitoci da yawa ke bi ita ce a kawo maganar aiki in ƙiyasi ya kai kilo 4.5 ga mai suga, ko kilo 5 ga wadda ba ta da shi. Wadda ɗanta na baya ya fito da shanyayyen hannu ita ma akan tattauna aiki da ita. Wata kuma akan tayar mata da naƙuda kafin cikar lokaci, musamman mai suga.

Maigida, nan ne wurinka. Na sha ganin mace ta amince, miji ya ce sai ya ji daga Hajiya, Hajiya ta ce a danginsu ba a yanka mace. Ku yi wannan muhawarar a watan takwas, a gida, cikin natsuwa, ku je tare ku yi wa likita duk tambayar da ke ranku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai haɗari ta haihu a inda akwai ɗakin tiyata da jini da masu farfaɗo da jariri, irin su Manhyia, Tafo, Suntreso, ko babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye da muke kira Gee, wanda ke da sashen uwa da jariri da aka buɗe a 2018. A ajiye lambar direban tasi ko mai pragya, keken nan mai ƙafa uku, da zai ɗauki waya ƙarfe biyun dare, a ajiye kuɗin mota daban, a san ɗan'uwan da zai ba da jini. Lambar motar asibiti 112 ce.

Ranar naƙuda a tafi da wuri. Kada a sha jiƙon gaggauta naƙuda, kada a bar wani ya yi allurar naƙuda a gida. Naƙudar da ta ja, ko ta tsaya bayan ta yi nisa, ko yunƙurin da ya daɗe kai bai sauko ba, ko ta kai ga an sa ruwan naƙuda ko an jawo kai da na'ura, duk suna sa mu shirya wa kafaɗa tun kafin kai ya fito.

## Mintocin nan

Alamar da muke gani ita ce kai ya fito da ƙyar, sannan ya koma ya manne da jikin uwa, haɓa ta nutse, kamar kunkuru ya ja wuya cikin ƙoƙonsa. Ba ya juyawa gefe yadda ya saba. Naƙuda ta gaba ta zo, an ɗan taimaka a hankali, kafaɗa ba ta biyo ba.

A asibiti za ki ji ungozoma ta ɗaga murya tana kiran mutane, ɗaki ya cika nan take. Kada hankalinki ya tashi, haka tsarin yake, aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Wata za ta kalli agogo tana faɗin lokaci. Za a ce ki daina yunƙuri, kuma wannan ne mafi wuya, don jikinki yana cewa ki tura. Ki daure ki riƙa huci ta baki. Turawa a wannan lokacin tana ƙara cusa kafaɗar ne a bayan ƙashi.

Sai a zare matashi, a kwantar da ke flat a kan baya, ɗuwawu a bakin gado. Mutum biyu, ɗaya a kowane gefe, su kama ƙafafunki su lanƙwasa, su kai gwiwoyi can kusa da ƙirji, cinyoyi a ɗan buɗe. Wannan ita ce dabarar McRoberts, sunan wani likita ne na Houston a Amurka, an bayyana ta a 1983. Lanƙwasawar tana miƙar da ƙasan baya, ƙugu ya karkata sama, ƙashin mara ya zame daga kan kafaɗar. Ba kayan aiki, ba kuɗi, kuma ita ce ta fi kowace dabara warware matsalar.

In ba ta wadatar ba, mutum na uku ya tsaya ta ɓangaren da bayan jariri yake, ya ɗora gindin tafin hannunsa daidai saman ƙashin mara, ɗaya hannun a kan ɗaya, ya danna ƙasa yana turawa zuwa ɓangaren da fuskar jariri ke kallo. Manufar ita ce a tanƙwara kafaɗar zuwa ƙirjin ɗan ta shige ƙarƙashin ƙashi. Ana iya dannawa a tsaye ko a riƙa yi ana sassautawa, kamar daƙiƙa 30. Ku lura da wurin da kyau: ƙasan mara, kan ƙashi. Saman ciki, wajen ƙirjin uwa, ba a taɓa shi. Wanda ya danna can yana tura ɗa ne kan abin da ya tare shi, kuma yana iya fasa mahaifa. Waɗannan biyun in an haɗa su, lanƙwasa ƙafa da danna mara, suna fitar da mafi yawan jarirai, a wasu ƙididdigar har kusan 9 cikin 10.

Mai riƙe da kai kuwa, ƙarfin da take sawa a haihuwar yau da kullum shi za ta sa, ba ƙari, kuma a miƙe daidai da gadon bayan jariri. Ba fizga, ba lanƙwasa wuya ƙasa, ba murɗa kai. In ta gwada a hankali bai zo ba, ta saki a wuce dabara ta gaba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Daga nan sai aikin cikin hanya, wanda na masu horo ne kaɗai. Ungozoma ko likita za ta shigar da hannunta gaba ɗaya ta ƙasa, ta ɓangaren baya inda akwai sarari. Ko dai ta lalubo hannun jariri na ƙasa, ta kama wuyan hannun, ta share shi ta kan ƙirjinsa ta fito da shi, faɗin kafaɗu ya ragu nan take, ko kuma ta danna kafaɗa ta juya jikin kamar ana kwance noti har ya sami inda ƙugu ya fi faɗi. Wani lokaci akan yi ƙari, wato a ɗan yanka bakin hanya, don hannu ya sami shiga. Ƙarin shi kaɗai ba ya sakin kafaɗa, tunda ƙashi ne ya riƙe ta, ba nama ba. Wajen fito da hannu ƙashin damtse yana iya karyewa. In haka ta faru kada ku ɗauka ganganci ne, karayar jariri tana ɗinkewa cikin makonni, ƙwaƙwalwar da ta rasa iska ba ta dawowa.

Akwai kuma juyawa a durƙusa, hannuwa da gwiwoyi a ƙasa kamar mai rarrafe. Wata ungozoma Ba'amurkiya, Ina May Gaskin, ta koyo ta wurin ungozomomin gargajiya a Guatemala, littattafai suka laƙaba mata sunanta. Nakan yi murmushi in ina koyar da ita, don kakanninmu a kan gwiwa suke haihuwa, har yau in an ce mace "tana kan gwiwa" kowa ya san me ake nufi. Juyawar kanta takan girgiza kafaɗa ta saki, kuma a wannan yanayin kafaɗar da ke ta wajen bayan uwa ce ake fara fitarwa. In duk an bi ba a dace ba, a koma farko a sake bi. Can ƙarshe akwai mai da kai ciki a yi aiki, ko raba mahaɗin ƙashin mara, amma waɗannan na likita ne a ɗakin tiyata, kuma da wuya a kai gare su.

To in haihuwa ta kufce a gida ko a cikin mota fa? Ɗaya ya kira 112 ya bar wayar a buɗe, ya duba lokaci. Ku hana ta yunƙuri. Ku kwantar da ita flat, mata biyu su kai gwiwoyinta ƙirji. Ta uku ta danna saman ƙashin mara daga ɓangaren bayan jariri. In rabin minti zuwa minti ya wuce ba labari, ku juya ta ta durƙusa kan hannu da gwiwa, a nan kam sai ta yi yunƙuri tare da naƙuda. Bai zo ba, ku mai da ita kan baya ku sake. Kada ku tsaya jiran mota hannu rungume, mintocin ba za su jira ba. In kun ga igiyar cibiya a wuya, ku zare ta ta kan kai in tana da sako-sako, amma kada a yanke ta kafin jiki ya fito, ita ce kaɗai hanyar iskarsa. Kuma a kori duk mai cewa a kawo taɓarya ko a hau ciki.

## Bayan ya fito

Irin wannan jaririn sau da yawa yakan fito a galabaice. A goge shi da busasshen zane da ɗan ƙarfi, a murza bayansa, a canza zane a rufe shi. In an yi haka bai yi numfashi ba, yana buƙatar a fara busa masa iska da jakar numfashi kafin minti ɗaya ya cika. Ba a riƙe shi ta ƙafa a zazzage, ba a watsa masa ruwan sanyi. In ya yi kuka, a ɗora shi a ƙirjin uwa a sa shi a nono cikin awa ɗaya. Ƙaton jariri, musamman ɗan mai suga, sugansa yakan faɗi bayan haihuwa, don haka za a riƙa ɗan tsaga diddigensa ana aunawa. Ko a gida aka haihu kuma kowa ya ga kamar lafiya, a tafi asibiti a ranar.

Uwa ma a sa mata ido. Kusan 1 cikin 10 takan zubar da jini fiye da kima, saboda mahaifar da ta ɗauki babban ɗa ta gaji ba ta saurin tsukewa. Kusan 4 cikin 100 sukan ƙaru har zuwa dubura, kuma irin wannan ƙaruwar likita ne ke ɗinke ta da haske mai kyau. Wadda ta koma gida ta ga iska ko bayan gida ko fitsari yana kufce mata, kada ta rufe da zane ta yi shiru, ta dawo, ana gyarawa. Wata kuma jikinta lafiya, amma ta kasa barci, da ta rufe ido sai ta ga ɗakin ya cika da mutane. Ta nemi ungozomar ta zauna ta warware mata abin da ya faru daki-daki, yana rage nauyi.

## Hannun

Kafin a sallame ku a duba hannuwa biyu. In an ɗan firgita jariri yakan watsa hannuwansa duka, to a ga ko ɗaya ya rage a kwance. Abu biyu ne ke kawo haka, kuma kulawarsu ta bambanta.

Karayar ƙashin da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa ita ce mai sauƙi. Yaro yana kuka in an taɓa wurin, bayan mako ɗaya ko biyu wani ɗan ƙullutu ya fito, alamar ɗinkewa ce, zai baje da kansa. A riƙa ɗaukarsa a hankali, akan maƙale hannun rigarsa a ƙirjin riga na ɗan lokaci. Ba ya buƙatar ɗori, kuma karan ɗori a jikin ɗan kwana uku yana iya tsai da jini.

Taɓuwar jijiya ita ce ta jikan Hajiya. Likitoci suna kiranta shanyewar Erb in jijiyoyin sama ne suka taɓu: kafaɗa da gwiwar hannu ba sa aiki, amma yatsu suna damƙa. In ta haɗa da na ƙasa, har yatsun sukan saki, wani lokaci fatar ido ta wannan gefen ta ɗan sauko, kuma wannan ta fi tsanani. Mafi yawan yara suna warkewa, yawanci cikin watannin farko, waɗanda abin ke zame wa na dindindin ba su kai 1 cikin 10 ba. Ya kamata in faɗi wannan ma don adalci: ba kowace shanyewa ce daga jan kai ba, ƙarfin naƙuda shi kaɗai yakan jawo ta, har a cikin waɗanda aka ciro ta hanyar aiki an samu.

Abin da ake so daga gida shi ne kada gaɓoɓi su sandare kafin jijiya ta farfaɗo. A nemi takardar zuwa sashen fisiyo, wato masu aikin motsa gaɓoɓi, tun cikin makonnin farko, akwai shi a Gee da manyan asibitoci. Za su nuna wa uwa yadda za ta riƙa motsa kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu a hankali, sau da yawa a rana, mafi sauƙi duk lokacin canza kunzugu. Kakar da ke yin wanka ta zo a nuna mata ita ma, don ita ce ke riƙe da yaron safe da yamma. Miƙar hannuwa da haɗa su a baya da jefa yaro sama da ake yi a wankan jarirai, a dakatar da su. Gashi da ruwa mai zafi kuma a kiyaye, hannun da ba ya ji yana ƙonewa yaro bai yi kuka ba. Wajen sa riga a fara da hannun mai ciwo, wajen cirewa a ƙare da shi. Kada a ɗaga shi ta hannu ko ta hammata, a tallafo kai da ɗuwawu. In za a goya, a gyara hannun kada ya rataya ko ya lanƙwashe a ƙarƙashin zane.

Abin da muke jira mu gani shi ne ranar da zai lanƙwasa gwiwar hannu ya kai hannun baki. In wata 3 ya cika babu wannan, a matsa a ga likitan ƙwararru, don tsakanin wata 3 da 6 ne ake yanke shawarar ko za a yi aikin gyaran jijiya, kuma jinkiri yana rage amfaninsa. Wannan lokacin ne mutanenmu suka fi ɓatarwa wajen yawon mai ɗori da mai tofi. A yi addu'a, a yi tofi, amma ranar fisiyo kada ta wuce.

Ke kuma mai jego, in an same ki da suga a cikin nan, ki koma a sake gwaji tsakanin mako 6 da 12 bayan haihuwa, sannan lokaci-lokaci bayan nan, don yana iya dawowa ya zauna. Kafin ki bar asibiti ki roƙi ungozoma ta rubuta a littafin awonki cewa kafaɗa ta maƙale, da nauyin yaron, da wace kafaɗa ce, da minti nawa aka ɗauka, da dabarar da ta fitar da shi. Ki ɗauki hoton shafin a waya ki tura wa maigida ko wata 'yar'uwa, don damina ta sha cin takardun mutane a zango, kuma a ciki na gaba wannan shafin za a fara tambayarki.